Shekara huɗu ina aiki, takardar fansho ta ce uku: yaya ake ƙirga awoyin ɗan ƙungiya a Amurka?

Kafintan Gini ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga 'yan'uwa da suka daɗe suna aiki a ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadago a nan Amurka, musamman waɗanda suka fara karɓar fansho ko suka san yadda ake lissafinsa. Ni kafinta ne, aikina haɗa katakon da ake zuba kankare a ciki a manyan gine-gine, kuma na shiga ƙungiya a farkon 2021. Daga lokacin zuwa yau na yi wa 'yan kwangila shida aiki, domin a sana'armu idan gini ya ƙare sai mutum ya koma ofishin ƙungiya ya sa sunansa a layi har a tura shi wani wurin.

A makon jiya takardar asusun fansho ta iso. Ta nuna na yi awa 1,240 a 2021, awa 1,610 a 2022, awa 930 a 2023, da awa 1,480 a 2024. A ƙasanta akwai lambobi biyu da suka ɗaure mini kai: ɗaya ta ce ina da shekara 3 na tabbatar da haƙƙi, ɗayar kuma ta ce ina da makin fansho 3.3. Ni kuwa a sanina shekara huɗu cur na yi ina biyan kuɗin ƙungiya ba fashi. Haka kuma a 2023, da aiki ya tsaya mana cikin hunturu, na tsallaka jihar da ke maƙwabtaka da mu na yi mako shida a ƙarƙashin wani reshe na ƙungiyarmu, amma ban ga alamar waɗannan awoyin a takardar ba.

Abin da ya sa hankalina ya tashi shi ne mahaifiyata ba ta da lafiya, kuma ina shirin komawa gida in zauna da ita kamar shekara biyu. Bana, zuwa ƙarshen watan Yuni, na tara awa 620. Shin idan na tafi yanzu abin da na tara zai zube ne? Idan kuma na ci gaba da aiko da kuɗin ƙungiya daga can, hakan zai riƙe mini makin? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Mai Lantarki ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne. Ɗana, ka yi daidai da ka yi tambaya kafin ka yanki tikiti, domin abin da ya rage maka kaɗan ne ƙwarai, kuma zan nuna maka da lissafi.

Ka fara raba abu biyu a zuciyarka. Kuɗin ƙungiya da kake biya kowane wata na zamanka memba ne, ba shi ne yake gina wannan fanshon ba. Fanshon yana ginuwa ne da kuɗin da ɗan kwangila yake zubawa a asusu a kan kowace awa da ka yi masa, bisa adadin da ƙungiya ta daidaita da masu ba da aiki a yarjejeniyarsu. Asusun kansa ba mallakar ƙungiya ba ne ita kaɗai. Tun daga dokar Taft-Hartley ta 1947, irin wannan asusu kwamitin amintattu ne yake riƙe da shi, rabinsu daga ɓangaren ƙungiya, rabinsu daga ɓangaren masu ba da aiki. Hikimar tsarin ita ce mutum irinka, wanda ya yi wa mutum shida aiki a shekara huɗu, awoyinsa duka su taru a tukunya ɗaya kamar wanda ya zauna a kamfani guda. Saboda haka aiko da kuɗin memba daga gida zai riƙe maka katinka, amma ba zai ƙara maka ko awa ɗaya ba. A ƙungiyarmu ta masu lantarki, IBEW, akwai wani ɗan ƙaramin fansho dabam da ake ginawa da kuɗin memba, to wannan wani abu ne can, kada ka haɗa shi da naka.

Lambobin nan biyu kuma amsar tambayoyi biyu ne mabambanta. Ta farko tana amsa cewa: shin wannan fansho ya zama naka har abada, ko da ka bar sana'ar? Ta biyu tana amsa cewa: idan ya zama naka, nawa ne a wata? Ta farkon doka ce ta ƙasa take tsare ta, wato ERISA, wadda Shugaba Gerald Ford ya sa wa hannu a 1974, bayan abin da ya sami dubban ma'aikatan kamfanin mota na Studebaker waɗanda suka rasa fanshonsu, wasu duka wasu mafi yawansa, da aka rufe masana'antarsa ta garin South Bend a 1963. Dokar ta ce duk shekarar da ma'aikaci ya cika awa 1,000 dole a ƙirga masa ita a matsayin shekarar tabbatarwa. Asusu yana iya sauƙaƙawa ya karɓi ƙasa da haka, amma ba shi da ikon tsanantawa. Wannan ne ya sa 2023 ta faɗi daga lissafinka, awa 70 kacal suka rage ta cika. Yawancin asusun ƙungiyoyi kuma suna bin ƙa'idar shekara biyar: kana da huɗu ba ka da komai, kana cika biyar ya zama naka ɗari bisa ɗari.

Lamba ta biyu kowane asusu da nasa ma'auni. Daga alƙaluman da ka kawo, ga dukkan alamu naku yana ba da cikakken maki ɗaya a awa 1,500, da kashi ɗaya cikin goma a kowace awa 150. Ka gwada da kanka: 0.8 a 2021, sai 1, sai 0.6, sai 0.9, jimilla 3.3. Idan aka zo ritaya sai a ninka makin da wani adadin dala. A misali, in maki ɗaya dala 80 ne a wata, mai maki 25 zai riƙa karɓar dala 2,000 kowane wata daga shekarun ritaya, waɗanda a asusu da yawa 65 ne. Wasu asusun kuma ba sa amfani da maki sam, sai su ce fanshonka na wata wani kaso ne na jimillar kuɗin da aka zuba da sunanka. Ka duba littafin asusunku ko ana ajiye rarar awoyi, domin akwai waɗanda suke ɗaukar abin da ya haura ma'aunin shekara, kamar awa 110 ɗinka na 2022, su cike maka shekarar da ta gaza, akwai kuma waɗanda rarar take tafiya haka nan.

Yanzu ga batun tafiya. Shekarar da mutum ya yi awa 500 ko ƙasa da haka, doka ta yarda a ɗauke ta a matsayin giɓi. Giɓi ɗaya ko biyu ba sa goge komai. Amma wanda haƙƙinsa bai tabbata ba, idan giɓin ya kai shekara biyar a jere, asusu yana da damar share duk abin da ya tara, in ya dawo ya fara daga sifili, alhali kuɗin da aka zuba da sunansa sun zauna a tukunya. Za ka ce ai shekara biyu kawai za ka yi. To, jinya ba a yi mata wa'adi, kuma wanda ya bar ƙasar nan na tsawon lokaci dawowarsa bakin aiki ba kullum take zuwa yadda ya tsara ba.

Ina faɗin haka ne saboda abin da na gani da idona. Lokacin da na fara aiki a 1988, shekara goma ake nema a irin wannan asusu kafin haƙƙi ya tabbata, sai wata doka ta 1996 ta mayar da shi biyar, kuma zuwa 1999 ta hau kan kowa. Akwai abokin aikina da muka ja waya tare shekara takwas, gwiwarsa ta dame shi ya koma tuƙin tasi tun kafin canjin, bai ƙara yin ko awa ɗaya a ƙarƙashin yarjejeniya ba. Da ya tsufa na raka shi ofishin asusu, matar da ke wurin ta buɗe fayil ɗinsa, ta juyo masa da takardar ya gani, shekara takwas ɗin suna nan a rubuce amma adadin da ke gabansu sifili ne. Har yau ina tuna yadda ya naɗe takardar sau huɗu ya sa a aljihun riga bai ce uffan ba.

Kai kuwa ga inda kake. Idan awoyin da ka yi a jihar maƙwabta suka dawo, 2023 za ta haura 1,000, ka koma mai shekara huɗu. Bana kana da 620, saura 380, wato mako tara da rabi na aikin awa 40. Ka cika su, shekara biyar ta cika, daga nan ko shekara ashirin ka yi ba ka taɓa guduma ba, fanshonka yana nan yana jiranka. Ba zan ce maka ka jinkirta zuwa wurin mahaifiya ba idan jikin ya tsananta, domin babu fanshon da ya kai ta. Amma idan akwai masu kula da ita zuwa watan Satumba, shawarata ka cika awoyin nan tukuna.

Mai Lissafin Asusu ta amsa:

Malam Kafinta, Allah ya ƙara sauƙi. Bayanin Baba ya wadatar a kan ƙa'ida, ni zan ƙara ne a kan hanyar da awa take bi daga wurin gini zuwa takardarka, saboda na yi shekaru ina shigar da irin waɗannan rahotanni a ofishin wani asusu, kuma a wannan hanyar ce awoyi suke salwanta.

Kowane wata ɗan kwangila yana aiko da rahoto mai ɗauke da sunan kowane ma'aikaci, lambarsa, da awoyin da ya yi, tare da kuɗin. Abin da ke cikin rahoton nan kaɗai asusu ya sani. Idan an rubuta sunanka da wani harafi dabam, ko an juya lamba ɗaya, awoyin sai su faɗa wani fayil da ba mai shi, kuma masu sunaye irin namu wannan ya fi samu, domin mutum ɗaya za ka tarar an rubuta sunansa iri uku a kamfani uku. Ofis ba zai gano ba sai mai haƙƙi ya zo da shaida.

Game da mako shidan nan, kuɗin awoyinka sun shiga asusun wancan yankin ne, tun da a can aka yi aikin. Ba sa tasowa da kansu. Akwai yarjejeniyar musaya tsakanin asusu da asusu, kuma iri biyu ce. A ta farko kuɗi ne suke bin ma'aikaci: kana cike takardar izini, asusun da ka baƙunta ya tura kuɗin zuwa asusunka na gida, a mayar da su awoyi. A ta biyu kuɗin suna zama inda suke, amma ana haɗa shekarun wajen tabbatar da haƙƙi, kuma a ƙarshe kowane asusu ya biya kasonsa. Masu lantarki irin su Baba suna da tsarin kwamfuta mai suna ERTS inda mutum yake yin rajista don a riƙa tura masa, amma a sana'o'i da yawa sai ka sa hannu a takarda. Ka kira asusun can gobe da safe, kada ka bari mako ya zagayo, domin wasu suna iyakance yawan watannin baya da za su yarda su tura, kuma naka ya riga ya kwana biyu. Ka tambaye su kuma yadda ake mayar da kuɗin, saboda idan abin da ake zubawa a kowace awa a can bai kai na gida ba, wani asusun yana rage awoyin wajen lissafin maki. Kai abin da ya fi maka muhimmanci shi ne awa nawa za a ƙirga maka wajen tabbatarwa, don haka wannan tambayar ka yi ta dabam, ka nemi amsar a rubuce.

Akwai wata ƙa'ida da mutane ba su cika sani ba. Awa 1,000 ɗin da doka ta ambata ta haɗa da duk awar da aka biya ka ko kake da haƙƙin a biya ka, har da hutun da ake biya. Asusun da ya zaɓi ƙirga awoyin da aka yi aiki da hannu kawai, ƙa'idar Ma'aikatar Ƙwadago ta ce awa 870 ce take tsaya masa a madadin 1,000, awa 435 kuma a madadin 500. Tun da 930 ɗinka ba ta samu shiga ba, da alama asusunku na 1,000 yake bi, amma ka duba littafin da kyau, kada a ce kuskure ne aka yi maka. Ka tabbatar kuma shekarar asusun daga Janairu take farawa, domin wasu tasu tana farawa a tsakiyar shekara, kuma hakan zai canza lissafin 620 ɗinka gaba ɗaya.

Idan ka tarar wani ɗan kwangila ya biya ka albashi amma bai zuba wa asusu ba, kada ka yarda a ce maka awoyin sun tafi. Bin bashin nan aikin amintattu ne, doka ta ba su ikon kai shi kotu, kai naka shi ne ka nuna ka yi aikin. Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce takardar albashi ta kowane mako. Na taɓa ganin wani birkila ya shigo da kwalin takalmi cike da su, an ɗaure na kowace shekara da roba, muka zauna muka tisa su ɗaya bayan ɗaya, aka mayar masa da awoyin wata huɗu da kamfanin da ya rushe bai taɓa aiko da rahotonsu ba. Wanda ya zo bayansa da irin wannan koke hannu rabbana, ba abin da muka iya yi masa a ranar.

Ka rubuta wasiƙa ka nemi littafin taƙaitaccen bayanin asusu da cikakken tarihin awoyinka wata-wata, kamfani-kamfani. Doka ta wajabta a ba ka littafin cikin kwana 30 idan ka nema a rubuce. Maganar waya ba ta zama hujja.

Direban Babbar Mota ya amsa:

Ban saɓa wa Baba da Hajiya ba, amma akwai gefen da ba a taɓo ba, kuma ina ganin ya kamata ɗan'uwa ya san shi kafin ya ɗora dukan begensa a kan maki. Maki alkawari ne, nauyinsa kuma yana tafiya ne da lafiyar asusun da ya ɗauke shi. Mu direbobi mun ga misali a fili. Asusun Central States na ƙungiyar Teamsters, ɗaya daga cikin mafiya girma a ƙasar nan, ya kama hanyar ƙarewa saboda kamfanonin da ke zubawa sun ragu, masu karɓa kuma sun fi masu aiki yawa. A 2014 Majalisa ta yi dokar da ta ba irin waɗannan asusun damar rage fanshon waɗanda ma suka riga suka yi ritaya. Sai da aka yi dokar agaji ta 2021 aka tanadi kuɗin ceto, kuma a Disamba 2022 aka sanar da ba wannan asusu kusan dala biliyan 36.

Akwai hukumar inshora ta gwamnatin tarayya, PBGC, amma kariyarta ga asusun haɗaka, wato wanda kamfanoni da yawa suke zubawa, ba ta da yawa. Daga fanshon wata da kowace shekarar aiki ta samar, tana lamunce dala 11 na farko gaba ɗaya, da kashi 75 cikin ɗari na dala 33 da ke biye, wato iyakarta dala 35.75 a wata a kan kowace shekarar aiki. Mai shekara 30 ba zai wuce dala 12,870 a shekara ba. Don haka takardar da ake aiko wa kowa duk shekara kan ƙarfin asusu, wadda yawancinmu muke jefarwa ba mu buɗe ba, a karanta ta. Tun daga dokar 2006 ake rarraba asusu gida-gida: wanda yake da lafiya ana ce masa kore, wanda kuɗinsa suka gaza kashi 80 cikin ɗari na alkawuransa rawaya, wanda ya shiga mawuyacin hali ja. Asusun da ya shiga ja yana iya rage darajar makin da za a tara nan gaba da kuma gatan ritaya da wuri. Duk da haka ni ma cewa zan yi ka cika shekara biyar ɗin, domin awa 380 ba ta kai a bar gumin shekara huɗu a kanta ba.

Kafintan Gini ya sake rubutawa:

Baba, Hajiya, da ɗan'uwa direba, na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya da dare na zazzage jakar takarduna, na sami takardun albashi biyar daga cikin shida na wancan aiki, jimillarsu awa 176, kuma ban tuna na taɓa sa hannu a takardar izinin tura kuɗi ba. Ko da waɗannan biyar ɗin kaɗai, 2023 za ta zama 1,106. Littafin asusun ya tabbatar shekararmu daga Janairu zuwa Disamba ce. Na yi magana da ƙanwata, ta ce za ta iya riƙe Mama zuwa ƙarshen Satumba in Allah ya yarda. Tambaya ɗaya ta rage mini, Hajiya: na ji ana cewa hutun jinyar iyaye yana hana a ƙirga wa mutum giɓi, shin wannan zai yi mini amfani idan dole ta sa na tashi kafin in cika?

Mai Lissafin Asusu ta amsa:

Malam, yana iya yi, amma kada ka dogara da shi. Dokar hutun iyali da jinya ta 1993 tana ba da mako 12 don kula da mahaifi ko mahaifiya mai tsananin ciwo, sai dai tana da sharuɗɗa: ka yi wata 12 da kamfanin, ka yi masa awa 1,250 a watanni 12 da suka gabata, kuma yana da ma'aikata 50 ko fiye. Mai yawo tsakanin 'yan kwangila sau da yawa ba ya cika waɗannan. Ko ka cika ma, hutun yana kare ka ne daga giɓi, ba ya cika maka awa 1,000, kuma bana ka riga ka wuce 500, don haka ba ka da giɓi a wannan shekarar ko da ka tashi gobe.

Takardar mako na shida da ta ɓata, ka nemi kwafinta daga ofishin albashin kamfanin, ko ka nemi asusun can ya ba ka abin da aka aiko musu da sunanka. Kafin ka tafi kuma ka je ofishin asusunku da kanka, ka ba su adireshin da wasiƙa za ta same ka, ka tabbatar sunan maiɗakinka yana cikin fayil tare da kwafin takardar aure, domin da zarar haƙƙinka ya tabbata ita ma tana da kaso a doka idan ta Allah ta kasance. Awoyin Satumba ba za su bayyana ba sai rahoton kamfani ya iso a watan da ke biye, saboda haka ka ɗan haura 380 ɗin da kwana biyu ko uku, kuma ka bar musu imel ɗin da za su aiko maka da wasiƙar da ta ce shekara biyar ta cika.